Taya da Ruwan Faci: Nasiha ga Ƙannena Mahaya Keke

Ƙannena, na daɗe ina sauraron hirarku duk lokacin da muka tsaya shan ruwa bayan hawan safiyar Asabar. Kuna yaba firam ɗin wane saboda rashin nauyi, kuna tambayar kuɗin hular kwanon wane, kuna leƙa agogon da ke ƙirga kilomita a hannun wane. Har yau ban ji ɗayanku ya tambayi ɗan'uwansa irin tayar da ya ɗaura ba, sai ranar da aka bar shi a bakin titi yana jiran mai faci ya buɗe rumfa. Alhali duk tsadar keke, wuri biyu kacal yake taɓa ƙasa, kowanne bai wuce faɗin kwalin ashana ba. Ta nan ƙarfin ƙafarku ke zama tafiya, ta nan birki ke kamawa, ta nan kuma ake shan kwana lafiya ko a zube a kan tsakuwa. A bakin hanya kowa na haki, ba a samun natsuwar magana, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta muku.

Shekarun baya, a farkon kaka, na hau wata hanyar burji a arewacin Dambatta da tayar tsere mai faɗin milimita 23. Na ɗura mata iska har ta yi tauri kamar dutse, don haka na ji ana yi a gasar Turai. Lokacin tsidau ya bushe ya zubar da 'ya'yansa a gefen hanya. Kafin azahar na yi faci uku. Na huɗun ya same ni sholisho ya ƙare, sai na tura keken da ƙafa har ƙauye na gaba, hannuwana sun sage saboda jijjiga. Tayar ba jabu ba ce, taya ce mai kyau, amma wata ƙasa daban aka yi wa ita. Tun daga ranar na daina tambayar wace taya ce ta fi kowace. Abin da nake tambayar kaina shi ne wace hanya zan bi, me ke zube a kanta, kuma wace irin kulawa zan iya ba tayar idan na dawo gida.

Mu fara da abin da ke cinye wa mutum kuɗi tun a shago, wato lamba. Kada ku shiga kasuwa ku ce a ba ku "taya inci 28" kawai, domin sunan nan abu biyu yake nufi. Tayar keken iyayenmu, irin Raleigh da Phoenix, ana ce mata inci 28, kuma wilinta milimita 635 ne. Tayar keken tsere da keken burji na yau, wadda ake rubuta wa 700C, ita ma wasu na kiranta inci 28, amma wilinta 622 ne. Tsakaninsu milimita 13, kuma ko kun karya liba uku ɗaya ba za ta zauna a mazaunin ɗaya ba. Haka inci 26 yake: na keken hawan dutse 559, na kekunan gwanjo masu kwando da ke zuwa daga Japan galibi 590. Tsofaffin kekunan tsere masu inci 27 kuwa 630 ne, wato sun fi 700C girma duk da lambarsu ta fi ƙanƙanta. Maganin wannan ruɗani yana jikin tayarku. Ku duba gefenta, za ku ga lamba biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 37-622. Ta farko faɗin tayar ne, ta biyu girman wilin, duka da milimita. Ku ɗauki hotonta a waya ku tafi da shi. Ta biyun ba ta canzawa sai an canza wili. Ta farkon ce kuke da zaɓi a kanta, gwargwadon sararin da firam ya bari. Ku auna, ku tabbata akwai ratar milimita 4 zuwa 6 tsakanin taya da firam ta kowane gefe, don ƙasa da ƙananan tsakuwa su sami wurin wucewa.

To, wane faɗi? A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne yawancinku kuka gaji kuskuren da mu ma muka gada.

A 1888 wani likitan dabbobi ɗan Sikotland mai zama a Belfast, John Boyd Dunlop, ya haɗa tayar iska wa keken ɗansa mai ƙafa uku, saboda tayar roba zalla tana wahalar da yaron a kan titunan garin masu duwatsu. Sauƙin jiki ya nema wa ɗansa, ba gudu ba. Amma shekara ɗaya bayan haka wani mahayi, Willie Hume, ya shiga tsere a Belfast da irin tayar ya tsere wa masu taya mai tauri. Tun ranar farko ke nan laushi ya nuna shi ne gudu. Sai dai daga baya aka manta. Shekaru ashirin da suka wuce ƙwararrun 'yan tsere suna hawa taya mai milimita 23 da iskar da ta haura psi 100 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), kuma kowa ya yarda cewa siririya mai tauri ita ce mai sauri.

Ga abin da ke faruwa a zahiri. Taya tana cin ƙarfinku ta hanya biyu. Ta farko, duk juyi ɗaya roba tana lotsawa a inda ta taɓa ƙasa sannan ta miƙe, kuma wannan lotsawa tana mayar da wani ɓangare na ƙarfinku zafi. Ƙarin iska yana rage wannan, shi ya sa idan an gwada taya a ɗakin gwaji a kan gangar ƙarfe mai sulɓi, mai tauri ce ke cin gasa. Ta biyu kuwa ba ta bayyana sai a kan hanya ta gaskiya. Taya mai tauri ba ta haɗiye tsakuwa, tsalle take yi a kanta. Duk tsallen nan yana ɗaga keke da mahayinsa, yana girgiza naman jiki, kuma ƙarfin da ya tafi wajen girgiza ku ba ya dawowa. Wannan karkarwa da kuke ji a hannu da sirdi, kuna ɗauka gudu ne, ita ce asarar. Taya mai faɗi tana ba ku damar rage iska ba tare da wili ya dinga dukan ƙasa ba, sai ta lanƙwashe a kan kowane ɗan dutse ta wuce, keken ya miƙe ɗoɗar.

Ƙwararrun ma sun dawo hanya. Yau a manyan gasannin titi milimita 28 zuwa 30 aka fi gani. A gasar Paris zuwa Roubaix ta Faransa, wadda ake yi tun 1896 kuma take bin fiye da kilomita 50 na tsoffin hanyoyin da aka shimfiɗa da curin duwatsu, Mathieu van der Poel ya yi nasara a 2024 a kan taya mai milimita 32. Ku dubi kwaltarmu, da facinta da ramukanta da yashin da iska ke tarawa a gefe, ku gaya mini wacce ta fi kama da ita, titin da aka share don gasa ko hanyar Roubaix. Shawarata ga mai hawan titi a nan ita ce ya ɗauki 30 ko 32 idan firam ya yarda, idan bai yarda ba 28. Ga mai hawan burji, 40 zuwa 45. Wanda hanyarsa rabi kwalta ce rabi burji, 35 zuwa 38 zai ishe shi.

Iska kuma a auna ta, kada a ƙiyasta. Lambar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce da ba a ƙetarewa, ba umarni ba ne cewa a kai can. Mahayi mai nauyin kilo 70 zai iya farawa da kusan psi 65 a taya mai milimita 28, kusan 55 a mai 32, kusan 35 a tayar burji mai 40. Mai nauyi ya ƙara, marar nauyi ya rage, kuma ta gaba ta gaza ta baya da psi biyu ko uku, tun da baya ce ke ɗauke da mafi yawan nauyi. Wani injiniya Ba'amurke, Frank Berto, ya daɗe da ba da ma'aunin da har yanzu nake ganin amfaninsa: idan mutum ya zauna a kan keke, tayar ta lotsa da kusan kashi 15 cikin 100 na tsayinta. Daga nan sai ku yi ta gwadawa a hanyar da kuka saba, kuna rage psi biyu kowane fita, har ranar da kuka ji tayar tana lilo a kwana ko wili ya taɓa dutse, sai ku koma baya kaɗan. Idan iska ta yi ƙasa da yawa a taya mai tif, bakin rami zai matse tif ɗin da wili ya bar huji biyu a jere kamar sarar maciji. Duk wanda ya ga irin wannan huji ya san ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne. Babban yatsa ba ya bambanta psi 50 da 80, injin mai faci kuwa babur da mota ya saba da su. Ku sayi famfo mai geji kafin ku sayi rigar tsere. Ku kuma tuna da rana: tayar da aka buga wa psi 70 da sanyin asuba, zafi na kan digiri 20, idan ta gasu a kan kwalta ta kai 45 za ta ƙara kusan psi 7 ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi rai. Wasu wili na zamani, musamman na kabon, ba su da ɗan ƙugiyar nan ta ciki da ke riƙe bakin taya. Bangonsu a miƙe yake. Ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera taya da wili ta Turai, ETRTO, ita ce kada iskar irin wannan wili ta wuce psi 72.5, kuma ba kowace taya ce aka amince a ɗora masa ba. Wanda ya sayi wili na gwanjo ya sa yatsa ya shafa bangon ta ciki kafin ya buga iska. Tayar da ta fice daga wili ana tsakiyar gangara ba ta ba mutum lokacin taka birki.

Zanen taya ba zai ɗauke mu lokaci ba. A kan kwalta, ko da ruwan sama, zane ba ya ƙara wa keke riƙo. Ingancin robar ce ke riƙewa, shi ya sa tayoyin titi irin Continental Grand Prix 5000 kusan sumul suke. A kan burji ne zane yake magana. Busasshiyar marmara da motoci suka daddale tana son tsakiya mai sulɓi ko ƙananan haƙora, da manyan haƙora a gefe don kwana, irin Specialized Pathfinder ko Panaracer GravelKing SK. Yashi ba ya jin haƙora, faɗi da ƙarancin iska yake ji. Taɓon damina kuwa yana son haƙora masu tazara da za su zubar da laka, da taya wadda ta ɗan rage faɗi don a bar wa laka hanya. A gasar Unbound da ake yi a garin Emporia na jihar Kansas a Amurka, mai tsawon mil 200, ruwa ya sauka kafin tseren 2023, laka ta cushe tsakanin taya da firam har ƙwararru suka sauka suna saɓa kekunansu a kafaɗa. Duk wanda ya taɓa shiga fadama da keke a watan Agusta ya san wannan laka.

Abin da ya fi zane muhimmanci yana ɓoye a ƙarƙashin roba, wato saƙar zaren da ke riƙe jikin tayar. Za ku ga an rubuta 60 TPI ko 120 TPI a kwali, ma'ana yawan zare a kowane inci. Mai 120 zarenta siriri ne, tana da laushi da sauri, amma dutse mai kaifi ya fi saurin yanka ta. Mai 60 ta fi kauri da juriya. Ku san cewa abokan gabar taya iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Akwai mai yanka: fasasshen kwalba, guntun kwano, bakin dutse. Shi maganinsa jiki mai ƙarfi, musamman a gefe. Akwai kuma mai soka: tsidau, ƙayar aduwa, ta bagaruwa, ta magarya, da siririyar wayar da ke fita daga tayar babbar mota idan ta yi bindiga. Mu a nan mai soka ya fi damunmu nesa ba kusa ba, kuma shi ne ya kawo mu ga ruwan faci.

Kun san tublas, wato taya marar tif, a babur da mota. A keke, kamfanin Mavic na Faransa ne ya fito da tsarinsa a 1999 tare da Michelin da Hutchinson, don kekunan hawan dutse. Bayan shekara biyu wani Ba'amurke, Stan Koziatek, ya fara sayar da ruwan da ake zubawa a cikin taya, wanda har yau ake sayarwa da sunan Stan's. Tayar titi marar tif ta biyo baya a 2006. Yawancin irin wannan ruwa madarar roba ce aka narkar a ruwa, aka zuba mata ƙananan ɓarɓashi, wasu kuma da ɗan amoniya don kada ta daskare a kwalba. Taya na juyawa, ruwan na shafe cikinta. Da ƙaya ta huda, iska mai neman fita sai ta tunkuɗo ruwan cikin hujin, ɓarɓashin ya cushe, madarar ta sha iska ta daskare. Wanda ya taɓa ganin yadda dakwara ke fitar da ƙaro a inda aka sare ta har ya bushe ya rufe raunin ya riga ya ga yadda abin yake. Sau da yawa mahayi ba ya ma sanin an yi. Sai ya dawo gida ya ga ɗan jiƙaƙƙen tabo a taya. Na taɓa cire tayar burji da ta suɗe na ƙirga ƙaya fiye da goma a jikinta, kuma ban tsaya faci ko sau ɗaya ba a rayuwar tayar. Ga mai bin hanyoyin karkara a ƙasar ƙaya, ban san wani abin da aka ƙirƙiro wa keke da ya kai wannan amfani ba.

Amma ruwan faci abu ne mai bushewa, kuma nan ne ƙasarmu ta bambanta da ƙasashen da ake yin sa. A jikin kwalba za ku ga an ce yana kai wata biyu zuwa shida ko bakwai. Ku ɗauki ƙaramar lambar. Zafin bazara da bushewar hunturu suna shanye shi ta jikin tayar, balle idan keken yana kwana a ɗaki mai rufin kwano. Ni duk sati shida nake duba nawa. Ku ɗaga wilin ku girgiza shi kusa da kunne. Idan ba ku ji motsin ruwa ba, ya tafi. Wanda ke son tabbaci ya juya bawul ya koma ƙasa, ya sace iskar, ya kwance ƙwayar bawul ɗin, ya zura tsinken tsintsiya mai tsabta ya ga inda ya jiƙe. Tayar da ruwanta ya bushe ta fi mai tif haɗari a daji, domin mai ita ya fita da tabbacin abin da babu shi.

Wajen zaɓar ruwan, ku dubi iskar da za ku buga. Tayar burji mai psi 35 kusan kowane ruwa mai kyau yana toshe ta, domin iskar ba ta da ƙarfin tunkuɗe abin da ya daskare. Tayar titi mai psi 65 ko 70 ta fi wuya: ruwan kan yi feshi, iska ta ragu sosai kafin hujin ya rufe, wani lokaci kuma ya sake buɗewa idan an ƙara iska. Wannan ma wani dalili ne na ɗaukar taya mai faɗi a titi. Masu yin ruwan kan ce yana toshe hujin da ya kai milimita 6, amma a tayar titi kada ku sa rai da fiye da rabin haka. Kamfanoni da yawa suna yin iri biyu. Orange Seal yana da na yau da kullum, mai saurin toshewa da saurin bushewa, yana kuma da wanda ya kira Endurance, mai daɗewa. Stan's yana da na tsere mai manyan ɓarɓashi, wanda ba a ɗura shi ta bawul don zai toshe shi, sai an buɗe gefen taya an zuba. A yanayinmu ni mai daɗewa nake zaɓa, domin hujin ƙaya ƙarami ne, ba ya bukatar manyan ɓarɓashi. Abin da yake bukata shi ne ya tarar da ruwa a ciki. Tayar titi tana ɗaukar mililita 40 zuwa 60, ta burji 60 zuwa 90, kuma sabuwar taya takan sha na farko, don haka a ƙara mata bayan sati biyu. Ku girgiza kwalbar sosai ku kifa ta kafin ku zuba, don ɓarɓashin a gindi yake kwanciya. Kada ku haɗa ruwan kamfani biyu a taya ɗaya, suna iya cure juna su zama dunƙule. 'Yar kwalbar iskar gas ta gaggawa ma tana iya daskarar da ruwan saboda sanyinta. Idan dole ta sa kun yi amfani da ita, ku sace iskar a gida ku buga ta famfo.

Sai an cika sharuɗɗa kafin a cire tif. Wili ya zama wanda aka ƙera don haka, a naɗe ramukan sifoko da tef ɗin da ba ya fitar da iska, a sa bawul na tublas, taya kuma ta zama mai ɗauke da alama irin TLR ko TR ko TLE. Na san akwai masu dabarar mayar da kowane wili tublas da tef ɗin lantarki. Ina roƙonku, kada ku yi wannan a keken titi. Iska mai yawa a kan bakin tayar da ba a yi shi don haka ba tana iya fizge ta daga wili. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ku ɗora sabuwar taya kwana biyu kafin doguwar hanya, ku shafa ruwan sabulu a bakinta don ta zauna, ku zuba ruwan facin, ku zaga unguwa na minti goma sha biyar, ku bar ta ta kwana, da safe ku auna.

Yanzu bari in yi magana da waɗanda ba na so su ji an bar su a baya, kuma su ne mafi yawa. Ɗalibin da ke hawa keken gwanjo kilomita biyar zuwa makaranta, da mai kai saƙo cikin gari, da wanda kekensa kan yi wata a jingine, tublas ba naku ba ne, kuma babu abin kunya a ciki. Tayar tana da tsada, ruwan ba a kowane gari ake samunsa ba, kuma yana bushewa ko an hau ko ba a hau ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Ku nemi taya mai kariya a ƙarƙashin roba. Schwalbe Marathon Plus tana da shimfiɗar roba mai kaurin milimita 5 da yawancin 'ya'yan tsidau ba sa iya ratsawa. Nauyinta ya kusa giram 900 a faɗin 37, tayar tsere kuwa ba ta kai 300 ba, don haka za ku ji ta a ƙafa, amma za ku isa aji kafin malami. Wanda bai same ta ba ya sa ruwan faci a cikin tif ɗin kansa. Akwai waɗanda aka yi don haka, irin Slime, muddin ƙwayar bawul ɗin tana kwancewa. Ku tsaya ga baƙin tif na roba da kowane mai faci ya sani. Akwai wani sabon tif na leda mai launi, marar nauyi, da ake kira TPU. Yana da kyau, amma facinsa daban ne, sholisho na yau da kullum ba ya kama shi, wutar mai faci kuwa narkar da shi za ta yi.

Tayar gwanjo kuma ku lanƙwasa gefenta a hasken rana kafin ku biya. Idan kun ga ƙananan tsaga kamar faso, ku ajiye ta, ko da zanenta sabo ne fil. Robar ta mutu a ajiya. Idan kuɗinku na taya ɗaya ne, sabuwar ta tafi gaba, ta gaban ta koma baya. Tayar baya idan ta fashe ana iya tsayawa, ta gaba kuwa da ita ake riƙe hanya. A gida ku raba keke da rana da fetur, dukansu suna cin roba.

Ko da tublas, kada ku fita daji babu tif ɗaya a jaka, da liba biyu, da ƙaramin famfo, da 'yan zaren roba masu danƙo irin waɗanda masu faci ke cusa wa tayar mota, akwai ƙanana na keke. Idan kun ji ruwa na fesowa, ku tsaya ku juya hujin ya koma ƙasa inda ruwan ya taru, ku danne da yatsa na ɗan lokaci. Idan ya ƙi, ku cusa zaren. Idan kun ga ƙaya a tsaye a taya kuma iska ba ta fita, ku karye abin da ya fito waje ku bar sauran har gida. Idan kuwa dutse ya yanka gefe har zare ba ya riƙewa, sai tif: ku ninka guntun buhu ko wani yanki na tsohuwar taya ku rufe yankan ta ciki don kada tif ya leƙo. Kafin ku sa shi, ku cire bawul ɗin tublas ku ajiye a aljihu, ku zubar da ragowar ruwan, sannan ku naɗe tsumma a yatsa ku bi cikin tayar a hankali, zagaye biyu. Duk ƙayoyin da ruwan ya rufa wa asiri wata da watanni suna nan a tsaye, bakinsu na ciki. Inda tsumman ya maƙale, ku tura ƙayar ta koma waje da bakin makulli, ku sake shafawa har tsumman ya zagaye bai kama komai ba, sannan ku sa tif ɗin ku buga masa iskar da ta ɗara ta tublas da kamar psi biyar zuwa goma, don kada bakin rami ya matse shi kafin ku isa gari.